Kifin da Baba Ya Cire

Mahaifinmu ya yi shekara talatin da huɗu a kamfanin kwalabe, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa ƙera kwalba ko ɗaya ba. Aikinsa dubawa ne. Yana zaune a kan doguwar kujera, farar fitila a gabansa, bel yana wucewa da kwalabe ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsamo wadda ta yi kumfa a jiki, ko ta tsage, ko bakinta ya karkace, ya jefa a durom. Da aka ƙara masa girma sai ya daina sa hannu. Ya koma tsayawa a bayan masu dubawa, hannu ɗaya a baya, ɗayan yana nuni, yana cewa, "Cire wannan." Haka sunan ya bi shi. Daga mai gadi har manaja, Cire-Wannan suke ce masa in ya juya baya, kuma na tabbata ya sani, yana ma jin daɗin abin.

Da a kamfani yake barin aikin da ba zan rubuta wannan ba. Gida yake dawowa da shi. Kofin shayi sai ya ɗaga shi saitin taga kafin ya sha. Inna ta yi shekara arba'in tana ajiye masa abinci, ban taɓa jin ya ce ya yi daɗi ba, iyakar yabonsa shi ne ya cinye bai ce komai ba. Ni tela ce, kuma ba yabon kai ba, na iya ɗinki. Rigar farko da na ɗinka masa ya juya ta ciki waje, ya bi kalmasa da farce daga wuya har ƙasa, ya samo inda zare ya tsallake, ya miƙo mini abata. Ina da shekara sha bakwai a lokacin. Yanzu na haura arba'in da biyar, har yau ban manta ba.

Amma ni da sauƙi. Ƙanena, Auta, shi ya ga ta kansa. Bahago ne, yana da in'ina, bai fara magana sosai ba sai da ya shekara huɗu, kuma boko bai karɓe shi ba. Jarrabawar fita sakandare sau biyu yana faɗuwa. Wata ranar hutu wani tsohon abokin aikin Baba ya kawo ziyara, suna falo, ya tambaye shi yara nawa Allah ya ba shi. Auta yana tsaye a gefensu da tiren shayi. Baba bai ko rage murya ba.

"Biyu ne," ya ce. "Macen ta wuce dubawa da ƙyar, namijin kuwa na cirewa ne."

Baƙon ya yi dariyar yaƙe. Auta ya ajiye tiren a hankali, ya ma gyara cokalin da ya zame, ya shiga ɗaki ya ɗauki jakarsa ya fita. Shekararsa sha tara ranar. Shekara sha shida ke nan bai sake taka cikin gidan ba. Ranar da Inna ta rasu ma a bakin ƙofa ya tsaya. Yanzu yana da shagonsa na gyaran injin ruwa, da mata, da 'ya'ya mata biyu da kakansu bai taɓa ɗora wa ido ba. Ni ce hanyar da ta rage tsakanin gidajen biyu, in kai labarin wannan in dawo da shirun wancan, kuma na gaji. Abu ɗaya nake so kafin tsohon nan ya bar duniya: in ga su biyu a wuri ɗaya, ko da zagin juna za su yi.

Bayan ya yi ritaya Inna kuma ta rasu, Baba ya rasa abin dubawa. Ni kaɗai ke zuwa, sau biyu a mako, kuma ya riga ya gama da ni tuntuni. Sai ya juya kan ɗan lambun da ke bayan gida, wanda bai fi taku shida a tsaye da huɗu a kwance ba. Ya tuge furannin Inna, ya ce ba a layi aka shuka su ba. A gurbinsu ya haƙa ɗan tafki, zurfinsa zuwa cinya, ya shafe shi da siminti, yana auna kowace kusurwa da ma'aunin magina. Wata biyu ya yi a kai. Da ya gama ya kira ni a waya, ba sallama ba gaisuwa, ya ce in rufe shago in zo in kai shi sayen kifin ado, irin jajayen nan masu ruwan zinare.

Shagon yana tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Ciki duhu-duhu, ƙasa a jiƙe, akwatunan gilashi a jere har sama, ko'ina ƙarar kumfar iska. Mai kifin wata mata ce kakkaura, da zanen roba ɗaure a gabanta, hannun rigarta a naɗe. Ta gaishe da Baba da ladabi, ta fara tambayarsa faɗin tafkin, da zurfinsa, da ko rana tana dukansa, da ko akwai kyanwa a unguwar. Ya ce mata shi dubawa ya zo yi, ba a duba shi ba. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da wata kwalba mai faɗin baki da kamfani ya ba shi kyauta ranar sallama, wadda yake cewa a duk rayuwarsa ita kaɗai ya gani babu aibi. Ya ce a zuba masa ruwa a ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta fara nuna masa masu tsada. Akwai mai idanu tulu-tulu a waje, akwai mai kumburin kai kamar an ɗora masa soso, akwai mai ƙusumbi, akwai mai jela biyu da ke jan ta a baya kamar labule. Baba ya tsaya yana kallonsu, fuskar nan kamar an ba shi magani mai ɗaci. Ya tambaye ta ko da gaske kuɗi ake biya a sayi naƙasassu. Ta ce su ne ma suka fi tsada, amma ta yarda ba na tafkin waje ba ne: ba su da sauri, kyanwa na zaune za ta kwashe su, idon kan fashe in ya gogi siminti, ruwan sama mai sanyi ma kan kwantar da su. Wato dai Baba ya yi gaskiya, ko da yake ba don ya san komai ba. Wannan shi ne abin haushi da shi, lokaci-lokaci yakan yi daidai, sai ya riƙe wannan ya doke ka da shi shekara goma.

Ta ba shi shawarar masu dabbare-dabbare, ja da fari da baƙi da ɗan shuɗi, ta ce sun fi kowane juriya a ƙaramin tafki. Ya ce launinsu bai zauna ba, kamar an zubar da fenti. Daga ƙarshe ya tsaya a kan gama-gari, masu dogon jiki da jela ɗaya, ja tun daga baki har ƙarshen jela. Ita ma ta ce sun dace. Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Ɗaya bayan ɗaya take kamo su da raga tana sakawa a kwalbarsa, shi kuma yana ɗagawa saitin fitila, yana juyawa, yana cewa a cire. Wannan ɓawo ɗaya ya fita, wannan jelarsa ta ɗan yage, wannan cikinsa ya yi fari. Sama da kifi hamsin suka bi ta kwalbar nan. Awa uku muka yi, ya zaɓi shida. Da za mu fita ta ce kada ya damu in gefen tafkin ya yi kore, gansakuka abincinsu ce, kada ya kankare. Ta fara wata magana a kan in sun hayayyafa, amma ya riga ya kai bakin titi.

Gaskiya shekarar farko ya samu natsuwa, ni ma na huta. Da safe ya fito da kujera ya zauna a bakin tafkin, ya ƙirga su, ya watsa musu abinci da ƙaramin cokali, a shafe ba tozo. Na taɓa leƙowa ta tagar kicin na ga yana yi musu murmushi. Ba zan ɓoye ba, kishi ya kama ni, ni da furfurata, ina kishi da kifi.

Da zafi ya zagayo sai ga ƙananan abubuwa suna yawo a ƙasan ruwan, kamar yankan farce, baƙaƙe wuluk, wasu ruwan ƙasa. Baba ya bar su suka kai tsawon gaɓar yatsa, ya kamo ɗaya ya sa a kwalba, ya ɗaga. Ba ja ko ɗigo. Ya sa na kai shi shagon a ranar. A gaban masu saye ya ce wa matar ta cuce shi, ta sayar masa da gauraye, jinin kifin kwata ne a jikinsu. Ita kuma ba ta bar masa ba. Ta ajiye ragarta ta share hannu.

"Baba, duk da haka ake haifarsu," ta ce. "Waɗanda ka zaɓa da idonka ma baƙaƙe ne da suna ƙanana. Wani wata shida yake juyawa, wani shekara, wani har biyu. Haƙuri kawai ake yi da su."

"Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki," ya ce. "Abin da ya fito da aibi, da aibinsa yake ƙarewa."

Ta ce masa kifi ba kwalba ba ne. Ya ce mata ita kuma ba 'yar kasuwar kirki ba ce. Ta ce in ya sake shigo mata shago da wannan kwalbar za ta fasa ta. Ni dai na ja hannunsa muka fito, ina ba ta haƙuri da ido, a raina kuwa ina sa mata albarka.

Muna komawa gida ya ɗauki raga ya kwashe su kaf, sun kai arba'in, ya zuba a bokitin fenti, ya ce in juye a kwata in zan wuce. Na ɗauki bokitin na tsaya a bakin kwatar, na kasa. Ba tausayin kifi ba ne ya hana ni, haushi ne. Na sa bokitin a bayan mota na wuce shagon Auta.

Na same shi a durƙushe yana kwance wani inji, hannu duk baƙin mai. Na ba shi labari tun daga farko. Bai yi dariya ba, bai kuma yi tsaki ba, ya daɗe yana leƙa cikin bokitin. A bayan shagonsa akwai tsohon bahon wanka da yake gwada injuna a ciki. Ya wanke shi, ya haɗa masa ɗan ƙaramin inji da ya tsinta a cikin tarkace, ya juye su. Matarsa ta ce ya rasa abin reno sai abin da aka zubar. Ya ce mata ai ita ma irin wannan ta aura. Bayan wata uku Baba ya sake kwaso wani zubin, na sake kaiwa can. Da yawa sun mutu, amma waɗanda suka rayu, tun kafin shekara suka fara juyawa. Daga ciki jan yake farawa, ya hau sama a hankali, baƙin yana ja da baya har ya ƙare a jela. 'Ya'yan Auta suka raɗa wa kowanne suna. Ban gaya wa Baba ba, don na san abin da zai ce.

A shekara ta uku gansakukar ta kai shi bango. Ya daɗe yana harararta. Wata safiya ya kwashe kifinsa shida ya sa a bokiti, ya zubar da ruwan tafkin, ya bi simintin da buroshi da ruwan bilic, maganin wanki mai ƙarfi, har ya yi fari tas, ya ɗauraye, ya cika da sabon ruwan famfo, ya mayar da su. Kafin la'asar duka shidan suna sama, ciki a waje. Da na zo na tarar ya jera su a kan jarida a bakin tafkin, yana zaune yana kallonsu. Ya ce kamfanin ruwa ne ya canza magani. Ban ce masa uffan ba, ba don ladabi ba, sai don in na buɗe baki ba zan iya rufewa ba.

Mako uku yana fitowa da kujerarsa yana zama a gaban ruwan da ba komai a ciki. Ya rame, ya daina aske gemu. Shagon matar kuwa ba zai koma ba, ya riga ya rufe wa kansa wannan ƙofar. A nan ne dabara ta zo mini, kuma na yarda tawa ce, ba wanda ya sa ni. Na roƙi Auta ya ba ni shida daga cikin nasa, ya kuma raka ni. Ya ce zai kai ni, amma a mota zai zauna. Na ce na ji, in Baba ya ce ya shigo fa? Ya ce sai ya faɗa tukuna. Shi ya kamo su da kansa ya ɗaure a leda, ban ko duba ba.

Na tarar da Baba a lambu. Na ce na samo kifi a wani wuri, ya duba in sun yi. Bai tambayi inda ba, ya tashi da saurin da na daɗe ban ga ya yi ba, ya ɗauko kwalbarsa. Na farko ya shiga, ya ɗaga shi saitin rana, ya juya, ya juya. Kifi ne ƙosasshe, ja kamar garwashi, ya fi nasa na da girma da sheƙi. Ya ce ya wuce. Na biyu ya wuce, na uku ya wuce. A na huɗu har ya ce wanda ya yi renon nan ya san aikinsa. Tunda nake ban taɓa jin wannan magana daga bakinsa a kan kowa ba. Na biyar na cikin kwalba na kasa riƙewa.

"Baba, waɗannan su ne ka ce in zuba a kwata," na ce. "Auta ne ya rene su. Yana waje a mota."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya kalli ƙofar lambun, wadda daga ita taku goma ne zuwa titi. Wallahi na ɗauka an gama, har idona ya kawo ruwa. Ya juye na biyar a tafki a hankali, ya ce in sako na shida.

Na shidan yana da ɗan baƙin tabo a gindin jela, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Baba ya gan shi tun kafin ya ɗaga kwalbar. Na ga fuskarsa ta saki, irin ta mutumin da ya ɓata a hanya ya hango gidansu. Ya miƙo mini kwalbar ba tare da ya dube ni ba.

"Cire wannan."

Na tsani mahaifina a wannan lokacin, tsana ta gaske, kuma ban tuba daga ita ba har yau. Na mayar da kifin a leda na fita. Auta yana zaune a mota, hannu biyu a kan sitiyari, ya sa rigarsa mai kyau, ya yi aski. Ya kalli ledar, ya kalle ni. Na fara kame-kame, ina cewa ai ya karɓi biyar, har ya yaba. Ya karɓi ledar ya ɗora a cinya.

"Yaya, da gangan na sa shi," ya ce. "Ina da wasu goma da ba su da tabo."

Ya tayar da mota.

Wata huɗu bayan haka ina shanya wa Baba wanki a lambu, yana bakin tafki da cokalinsa, ya tambaye ni ko tabon nan ya goge. Na ce ya goge tun tuni. Na ci gaba da shanya har na gama. Sannan ya ce, yana kallon ruwa, in gaya wa ɗan'uwana ya kawo shi da kansa a sake dubawa. Na san Baba. Wannan ita ce iyakar ban-haƙurin da ke cikinsa, ya tattaro ta kaf ya miƙo, babu sauran wata a baya. Na bar kwandon a nan na tafi shagon Auta da gudu kamar yarinya.

Shi ma ya gane, ba sai na yi masa fassara ba. Ya ajiye sufana, ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Inna, na ce tsohon nan ba shi da sauran shekaru masu yawa. Ya bar ni na gama.

"Ki gaya masa an riga an duba," ya ce. Ko in'ina bai yi ba. "Ni ma na duba shi, bai wuce ba."

Na kai saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba, kuma zan faɗi gaskiya, da nake faɗa masa akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ji sanyi. Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya, irin yadda yake yi in an kawo masa rahoto a kamfani.

Kifi biyar ne a tafkin yanzu, gefensa ya sake yin kore, ya bar shi. Bana sun hayayyafa, ƙananan baƙaƙe suna nan suna yawo a ƙasa, bai taɓa su ba. In maƙwabta sun leƙo yakan ce musu shi ya zaɓi manyan da idonsa. Har yanzu ina zuwa sau biyu a mako, daga nan in wuce can, in dawo. Kwalbar tana kan benci a gefen kujerarsa, cike da ruwa, kullum da safe yana zubarwa ya sake sabo. Na daina cewa ya mayar da ita cikin kabad.